Kafin Ƙasa Ta Girgiza: Ko Kyakkyawar Niyya Kaɗai Ta Isa Ceton Maƙwabci?



Tun a ajin katikisim aka koya mana cewa ƙaunar maƙwabci ita ce ta biyu cikin manyan dokoki, babu kuwa mai musun wannan a cikinmu. Amma akwai tambaya guda da ba kasafai muke tsayawa a kanta ba. Idan mutum yana da zuciyar taimako, alhali bai san yadda ake taimakon ba, har hannunsa ya ƙara wa wanda yake so ya ceta ciwo, shin ya cika dokar ƙauna? Idan kuma ana iya koyon wannan sani tun da sauran lokaci, aka ƙi koyo ko aka ƙi koyarwa, alhakin yana wuyan wa?

Babu inda wannan tambaya take fitowa fili kamar a sa'o'in farko bayan girgizar ƙasa, lokacin da rayuwar mutum take rataye a kan abin da na kusa da shi ya sani. Saboda haka za mu dubi abin da ya sami 'yan'uwanmu na ƙasar Haiti, mu auna shi da ma'aunin Bishara da koyarwar Ekklesiya.

Abin da ya faru a Haiti

Haiti ƙasa ce a yankin Karebiyan. Mutanenta jikokin 'yan Afirka ne da aka kwashe a zamanin cinikin bayi, waɗanda suka ƙwaci 'yancinsu daga hannun Faransa a shekara ta 1804, kuma 'yan Katolika suna da yawa ƙwarai a cikinsu. Ranar Talata, 12 ga Janairu, 2010, ana saura mintoci kaɗan ƙarfe biyar na yamma, ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 7 a ma'aunin girgizar ƙasa. Tushen girgizar yana kimanin kilomita 25 daga babban birni, Port-au-Prince. Kafin cikar minti guda, unguwanni sun zama tarin kankare da ƙura. Gwamnatin ƙasar ta ce waɗanda suka mutu sun wuce 300,000, wasu masu bincike sun kawo adadin da bai kai haka ba, amma ko kaɗan ɗin ma abin firgita ne. Mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi suka rasa matsuguni.

Abin da ya kamata mu lura da shi sosai shi ne, waɗanda ake sa ran za su kawo ɗauki su ma suna cikin waɗanda gini ya danne. Fadar shugaban ƙasa ta rushe tare da ma'aikatu da yawa. Hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi, shugaban aikinta a ƙasar, Hedi Annabi, ya mutu tare da ma'aikata fiye da 100. Makarantar koyon aikin jinya ta ƙasa ta rufta a kan ɗalibanta. Babbar majami'ar birnin ta rushe, Babban Bishop Joseph Serge Miot ya rasu, haka kuma firistoci da sistoci da ɗaliban makarantar firistoci. Tashar jiragen ruwa ta lalace, filin jirgin sama ya cushe har aka karkatar da wasu jiragen da ke ɗauke da magunguna zuwa maƙwabciyar ƙasa, Jamhuriyar Dominika. Da dare ya yi, babu lantarki, babu waya, babu ofishin da za a je a kai kuka.

Wa ya fara isa wurin?

Duniya ta nuna tausayi, ba za mu raina wannan ba. Tun washegari ƙungiyoyin ceto suka fara sauka daga ƙasashe masu yawa, da karnukansu masu sansano mutum da na'urorinsu masu jin motsi a ƙarƙashin gini. Sun yi aiki dare da rana. Duk da haka, bisa lissafin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar a makonnin farko, waɗanda ƙungiyoyin waje suka fitar da rai daga ɓaraguzai kimanin mutum 130 ne. Sauran masu ɗimbin yawa da suka fito da rai, danginsu da maƙwabtansu ne suka tono su a daren farko da washegarinsa, da guduma da shebur da jak na mota da hannuwa tsirara.

Kada mu ɗauka talaucin Haiti ne kaɗai ya jawo haka. A birnin Kobe na Japan, ƙasa mai arziki da kayan aiki, an yi girgizar ƙasa ranar 17 ga Janairu, 1995, mutum fiye da 6,000 suka mutu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa kusan takwas cikin goma na waɗanda aka ciro daga rusassun gidaje, iyalansu da maƙwabtansu ne suka ciro su. Dalilin a bayyane yake. Yawancin waɗanda ake samu da rai, a ranar farko ake samunsu, bayan kwana uku kuwa sa rai yakan ragu ƙwarai. Ƙwararre da ke wata nahiya sai ya tattara kaya, ya nemi jirgi, ya nemi izinin sauka, ya nemi mai nuna masa hanya. Maƙwabci kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ya san ɗakin da tsohuwa take kwana, ya san yara nawa ne a gidan, ya san muryar kowa.

Ke nan maƙwabci zai yi aikin ceto, ko an koya masa ko ba a koya masa ba, domin ba zai iya tsayawa yana jin kukan ɗan'uwansa ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu zaɓa ko zai shiga aikin da sani ko kuwa da tausayi kaɗai.

Inda niyya take bukatar sani

Bari mu kawo misalai, don kada maganar ta tsaya a sama. Idan kankare ya danne ƙafar mutum sa'o'i da yawa, naman wurin yakan lalace, ya tara wasu sinadarai masu cutarwa. Muddin nauyin yana kai, gubar tana tsare a wuri ɗaya. Da zarar an ɗage nauyin, sai jini ya kwashe ta zuwa zuciya da ƙoda. Sau da yawa an fitar da mutum yana magana yana godiya, jim kaɗan zuciyarsa ta tsaya, ko kuma ƙodarsa ta daina aiki bayan 'yan kwanaki. Likitoci sun san cewa ƙarin ruwa ta jijiya, tun kafin a ɗage nauyin in da hali, yana ceton irin wannan mutum. Mai agajin da aka horar ya san ya lura da tsawon lokacin da mutumin ya yi a danne, ya nemo ma'aikacin jinya, ya kuma dage a kai shi asibiti ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Haka kuma wanda ya karye a wuya ko ƙashin baya. Idan aka ja shi da hannuwa, ko aka saɓa shi a kafaɗa don sauri, lakarsa tana iya tsinkewa, ya shanye har ƙarshen ransa. Ƙyauren ƙofa da aka cire aka shimfiɗa shi a kai, da mutum guda da ya riƙe masa kai kada ya motsa, sun isa su raba shi da wannan wahala. Ga kuma ginin da ya tsage bai gama faɗuwa ba. Bayan babbar girgiza akwai ƙanana da ke biyo baya, kamar wadda ta sake kaɗa Haiti ranar 20 ga Janairu, 2010, da ƙarfin maki kusan 6. Taron jama'a da suka hau kan ɓaraguzai da niyyar taimako suna iya danne ramin da wani yake numfashi a ciki. Wanda aka koya wa aikin ya san a tokare gini da katako kafin a shiga, a kashe wuta da iskar gas, a jera mutane suna miƙa bokitin ƙasa hannu da hannu.

Har shiru ma koyonsa ake yi. A birnin Meziko, bayan girgizar 19 ga Satumba, 1985, samarin gari da suka riƙa kutsawa cikin ɓaraguzai sun kafa ƙungiyar sa kai da ake kira Topos, sunan wata ƙaramar dabba mai haƙa rami. Sun nemi horo, suka ƙware, har suka je Haiti a 2010 don taimakawa. Ƙasar kuma ta mai da ranar 19 ga Satumba ranar gwajin fita daga gini kowace shekara. Da girgiza ta sake aukuwa a wannan rana a 2017, duk wanda ya ji alamar motsi sai ya ɗaga hannu a dunƙule, nan take ɗaruruwan mutane su yi tsit, a kashe injuna, a kasa kunne. Alama ce ƙarama da ba ta cin ko kwabo, amma sai an yarda da ita tun kafin ranar.

Gawa ma tana da hakki. Tsoron annoba ya sa an zuba dubban gawawwaki a manyan ramuka a wajen Port-au-Prince ba tare da rubuta suna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa gawawwakin waɗanda gini ya kashe ba sa haddasa annoba. Ruwan sha marar tsabta da rashin makewayi su ne haɗarin gaske ga masu rai. Binne matattu yana cikin ayyukan jinƙai da Ekklesiya ta koya mana, kuma mai agajin da ya san ya ɗauki hoton mamaci, ya sa masa lamba, ya rubuta inda aka binne shi, ya ba uwa wurin da za ta je ta yi wa ɗanta addu'a.

Basamariye da mai masauki

Mun saba jin misalin Basamariye mai kirki a Bisharar Luka sura 10, kuma yawanci a kan tausayinsa muke tsayawa. Mu sake dubawa da kyau. Mutumin nan bai tsaya ga jin tausayi ba. Yana ɗauke da mai da ruwan inabi, waɗanda su ne maganin rauni a zamaninsa, ya kuma san yadda ake wanke ciwo a ɗaure shi. Ya san yadda zai ɗora majiyyaci a kan dabbarsa, ya san inda masauki yake. Duk waɗannan tun kafin ya baro gida yake da su. Da a bakin hanyar Yariko zai fara tambayar yadda ake tsai da jini, da mutumin ya mutu a hannunsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma mutum na biyu a cikin misalin wanda muke yawan mantawa, wato mai masauki. Basamariye matafiyi ne, washegari ya kama hanyarsa. Wanda ya zauna da majiyyacin, ya canza masa ɗauri, ya ba shi abinci har ya miƙe, shi ne ɗan garin. Basamariyen bai raina shi ba, ya bar masa kuɗi, ya amince masa da aikin, ya yi alkawarin dawowa. A nan Ubangijinmu ya nuna mana yadda taimakon baƙo da na ɗan gida suke cika juna.

Waliyi Toma na Akwino ya koyar cewa hikimar sanin abin da ya dace a yi, a lokacin da ya dace, ita ce take yi wa sauran kyawawan halaye jagora. Ƙarfin zuciya da babu wannan hikima ganganci ne, kyauta da babu ita kuma takan zama ɓarna. Paparoma Benedict na 16 ya bi wannan sawu a wasiƙarsa ta farko ga dukan Ekklesiya, Deus Caritas Est, wadda ya sa wa hannu ranar Kirsimeti ta 2005. A cikinta ya bayyana cewa masu aikin jinƙai da sunan Ekklesiya dole su sami horo su iya aikinsu da kyau, sa'an nan su haɗa da tarbiyyar zuciya, domin mutum yana bukatar fiye da gwaninta. Bai yarda a ɗauki ɗaya a bar ɗaya ba.

Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Allah mai duban zuciya ba zai hukunta wanda ya ruga ceto da iyakar saninsa ba, ladansa yana nan. Amma wannan uzuri na ranar masifa ne. Ba zai rufe mu ba, mu da muke zaune lafiya da shekaru a gabanmu, muna iya koyo muna iya koyarwa. Ƙaunar da ta san maƙwabci zai bukace ta wata rana, tun yau take fara shiri.

Hakkin 'yan ƙasa a kan masu kawo taimako

Bayan makonnin ceto, an yi wa Haiti alkawarin biliyoyin daloli. Amma rahoton ofishin wakili na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa kimanin kashi 1 cikin 100 ne kawai na kuɗin agajin gaggawa ya bi ta hannun gwamnatin ƙasar, abin da ya kai ga ƙungiyoyin 'yan ƙasa kuwa bai ma kai haka ba. Yawancin tarurrukan tsara agaji a wani sansani mai tsaro kusa da filin jirgin sama aka riƙa yin su, sau da yawa da Turanci, alhali harshen jama'a Kiriyol ne, sai kuma Faransanci. Waɗanda suka tono 'yan'uwansu da hannu a daren farko sun zama 'yan kallo a ƙofar ɗakin da ake yanke shawara a kan rayuwarsu.

A watan Oktoba na 2010 kuma cutar kwalara ta ɓarke a yankin kogin Artibonite. Bincike ya gano cewa ta fito ne daga ƙazantar wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutum fiye da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu, kuma a watan Disamba na 2016 Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya roƙi gafarar mutanen Haiti. Babu wanda ya zo da niyyar kisa, amma garin neman gira aka rasa ido. A ƙauyukan da likita ba ya kaiwa, abin da ya tsai da mutuwa a gidaje da yawa shi ne ma'aikatan lafiya 'yan gari da aka koya wa sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da haɗa ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ekklesiya tana da tsohuwar koyarwa a kan wannan. Paparoma Pius na 11 ya bayyana a shekara ta 1931 cewa rashin adalci ne babbar hukuma ta ƙwace aikin da ƙaramar al'umma za ta iya yi da kanta, aikin babba shi ne ya tallafi ƙarami ya tsaya da ƙafarsa. Manzanni ma haka suka yi. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci, sai suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai daga cikinsu, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manyan masu ba da agaji sun amince da wannan gaskiya a taron Santambul na 2016, inda suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga 'yan gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika alkawarin ba.

Ranar 14 ga Agusta, 2021, wata girgiza mai ƙarfin maki 7.2 ta sake afka wa kudancin Haiti, mutum fiye da 2,200 suka mutu, Kadinal Chibly Langlois ya ji rauni da gidan bishop ya rushe a garin Les Cayes. Wata guda kafin nan an kashe shugaban ƙasar, 'yan daba kuma sun tare hanyar da ta fito daga babban birni. Yankin ba shi da cunkoso irin na Port-au-Prince, wannan ya rage yawan mamata. Amma a kwanakin farko, 'yan sa kai na hukumar kare farar hula, da ma'aikatan Caritas na dayosis, da likitoci da masu jinya 'yan ƙasa, su ne suka riƙe aikin. Sanin da aka bari a hannun ɗan gari ba ya bukatar jirgi ko hanya kafin ya iso.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, masifa daga Allah take, shiri kuma alamar ƙarancin bangaskiya ne. Amma a Luka sura 13, da aka yi zancen mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Ubangijinmu ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Bai ba mu izinin ɗora wa matattu zunubi don mu nade hannu ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ba a kuwa taɓa kiran wannan rashin bangaskiya ba. Mu lura kuma cewa makonni shida bayan ta Haiti, ranar 27 ga Fabrairu, 2010, ƙasar Chile ta sami girgiza mai ƙarfin maki 8.8, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi nesa ba kusa ba, amma waɗanda suka mutu ɗari biyar da 'yan kai ne. Babban dalili shi ne dokokin gini da ake bi da kuma jama'a da aka koya wa abin yi. Birkilan da ya san yawan siminti da rodin da ginshiƙi yake bukata, ya kuma ƙi ragewa, shi ma mai ceton rai ne.

Wani kuma zai ce, ga masu yunwa a ƙofa yau, ina dalilin kashe kuɗi a kan masifar da wataƙila ba za ta zo ba? Wannan magana tana da nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Amsa ita ce, horon da muke magana a kai ba ya jiran girgizar ƙasa kafin ya yi amfani. Wanda ya iya tsai da jini zai yi amfani a haɗarin mota, wadda ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari za ta ceci jariri mai gudawa a wannan damina. Kuɗinsa kuma kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ɗauko ƙwararru da jirgi daga wata nahiya.

Nauyin da ke kan mai ceto

Akwai wuri mafi wuya, wanda bai kamata mu ɓoye shi ba. Idan masu rauni hamsin ne, masu agaji uku, dole a zaɓi wanda za a fara da shi. Masu horo suna koyar da a tantance: wanda zai mutu in ba a taɓa shi yanzu ba, shi ne farko, wanda zai iya jira ya jira, mai ƙaramin rauni ya taimaka wa wasu, wanda kuma ya yi nisan da babu abin da ke hannu da zai dawo da shi, a sa wani ya zauna kusa da shi. Zuciya ba ta son wannan. Amma in babu ƙa'idar da aka yarda da ita tun da wuri, wata ƙa'idar ce za ta yi aiki a ɓoye: mai ƙarfin murya, ɗan dangi, ɗan addininmu, mai kuɗi. Tantancewa bisa bukata ita ce hanyar da mai agaji yake shaida cewa ran kowa daidai yake a gaban Allah. Wanda ba za a iya warkarwa ba kuwa, ba a yashe shi. Riƙe masa hannu, yi masa addu'a, da kiran Fada ya ba shi shafewar marasa lafiya in Katolika ne, duk aikin agaji ne.

Haka kuma mai ceto yana da hakkin kiyaye ransa. Ekklesiya tana girmama wanda ya ba da ransa domin wani, amma ba ta taɓa kiran ganganci tsarki ba. Wanda ya shiga ginin da ke rawa ba tare da tokara ba, ya ƙara yawan waɗanda za a tono, ya rage yawan masu tonon. Kuma bayan aikin, wanda ya kwana yana jin muryar da ta yi ta raguwa har ta ɗauke, yana bukatar mai saurarensa. Jama'ar da ta aike shi, ita ce za ta riƙe shi.

Namu rabon

Allah ya sa ƙasarmu ba ta kan manyan tsagogin da ke haifar da irin girgizar Haiti, ko da yake an ji motsin ƙasa a Kwoi a 2016 da kuma Mpape ta Abuja a 2018. Amma mun san rushewar gini. Ranar 12 ga Yuli, 2024, wata makaranta ta rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, kuma mutanen unguwa ne suka fara isa suna tono. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Majami'a tana da abin da manyan hukumomi suke nema da kuɗi ba su samu ba. Tana kowane ƙauye, tana taruwa kowace Lahadi, katikis ya san kowane gida, Zumuntar Mata sun san mai ciki da mai jego da tsohon da ba ya iya tafiya. A cikinmu akwai masu jinya, da magina, da direbobi, da tsofaffin sojoji. Kwamitin kowace majami'a zai iya zaɓen mutum goma, maza da mata, ya gayyaci ƙungiyar Red Cross ko ma'aikatan asibitin da ke kusa su koya musu taimakon farko da harshen da suke ji, a riƙa maimaitawa kowace shekara. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi a koya tare, gama gini idan zai faɗi ba ya tambayar addinin kowa. Idan kuma za mu ba da baiko don wata ƙasa da masifa ta sama, mu tambaya ko wani kaso zai tafi wajen horar da 'yan ƙasar.

Mu yi addu'a domin mutanen Haiti da dukan waɗanda girgizar ƙasa ta raba da masoyansu. Ubangiji ya ba matattu hutawa ta har abada, ya ƙarfafa hannuwan masu agaji, ya kuma ba mu zuciyar Basamariye da amincin mai masauki. Uwarmu Maryamu, mai ta'azantar da masu baƙin ciki, ta yi roƙo dominmu. Amin.